Lemun Kaka da Ruwan Alwala

Kakata, wadda ta haifi Baba, 'yar Fakku ce ta ƙasar Kebbe. Aure ne ya kawo ta Tambuwal, a lissafina tun kafin a gano gishiri. Kowace irin hira aka ɗauko, ta suna ce ko ta rasuwa, sai Kaka ta karkato da ita zuwa gindin lemun tsamin da mahaifinta ya dasa a gidansu. In ka biye mata, lemo ɗaya na bishiyar nan yana tsinka kunun unguwa guda, har a aika wa baƙi ragowa.

Ƙarshen daminar da na shiga babbar sakandare, iska ta tumɓuke bishiyar. Da labari ya iso, Kaka ta ture kwanon tuwo. Washegari ta sa ƙanen Baba ya goya ta a babur har Fakku, ita da kullum take cewa babur makara ce mai ƙafa biyu. Da la'asar suka dawo, tana rungume da gwangwani biyu, kowanne da ɗan tsiron lemo a ciki. Su kaɗai ta tarar sun fito a inda uwar ta faɗi.

Ɗaya kakkaura ne, ganyensa har sheƙi yake. Ɗayan kuwa kamar tsinken sakace. Shi ta miƙo mini.

"Ungo, mai gida. Kai da shi kun yi kama, ba tsoka ba tsawo."

"Haba tsohuwa, haka ake yi wa miji? Ki ba ni mai ran mana."

"Rago irinka? Kai da ko turmi aka ba ka kiwo sai ya rame."

Baba ya haƙa wa kakkauran rami mai zurfi a tsakar gida, daidai inda ƙasa take laka, ya yi masa da'ira kamar bakin kwano don kada ɗigo ɗaya ya gudu. Kaka ta tsaya a kai ta kafa doka.

"Daga yau, kowa nan zai riƙa alwala. Ruwan alwala ba shi zuba banza. Icce shi sha, ku kuma ku samu lada."

Kowa ya yaba da dabarar. Rani na tafe, ruwa kuma sai an ja guga, ga shi an sami hanyar da buta ɗaya za ta yi aiki biyu. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne yawanmu. Gidanmu in an fito salla, mai wucewa sai ya ɗauka ɗaurin aure ake. Ga Baba da ƙannensa da iyalansu, ga yara kamar an zazzage buhun gero. Kowa da butarsa, salla biyar. Ranar kasuwa kuma 'yan uwa daga Jabo da Sanyinna sukan biyo su huta, Kaka ba ta barin su gama gaisuwa sai ta nuna musu gindin lemo. Ƙanena ma, tunda ya ji zancen lada, in ya ci wake sai ya wuni yana sake alwala.

Ni nawa tsiron bayan rumbu na kai shi, kan tudun wata tsohuwar katanga da ta rushe, ƙasar duk yashi da ɓurɓushin tubali. Ba wata hikima ba ce, nan ne kawai fartanya ta shiga ba gardama. Na kifa masa yagaggen kwando saboda awaki. Ruwa kuwa sai ranar da na je wurin ɓuya don kada Inna, mahaifiyata, ta aike ni niƙa, in na ga ƙasar ta bushe, in tausaya masa da rabin gwangwani.

Ba a daɗe ba ganyen lemun Kaka ya fara komawa ruwan ɗorawa.

"Ƙishirwa ce," in ji Kaka. "Wani cikinku na alwala bayan ɗaki. Na san shi." Ta kafe ni da ido.

Aka ƙara ruwa. Inna ta shiga juye masa ruwan wanke-wanke, da kumfarsa da maiƙonsa. Ganye ya ƙara ɗashewa. Baba ya zagaya shi, hannu a baya, ya ce ba ƙishirwa ba ce, yunwa ce. Ya nufi turken shanu ya ciko kwando da ɗanyen kashi, yana tururi, ya tula a jikin karan har wuya. Tsakar gidanmu ta zama fadama. Sauro suka yi aike garinsu cewa an buɗe sabuwar unguwa. Wani kwaɗo ya tare da iyalinsa, in ka zo alwala ya zuba maka ido kamar shi ne mai gidan. Warin kuwa, na rantse akuyarmu da ke cin leda ma sai ta kauda kai in za ta gifta.

Ni dai dariya nake ta yi, har ranar da abin ya daina ba da dariya.

Da hantsi ne. Kaka ta durƙusa ta kama karan don ta miƙar da shi, sai kawai ya biyo hannunta, ba ja ba komai. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Abin da ya rage na hannun Babana ke nan."

Ta shige ɗaki. Ban taɓa jin gidanmu shiru haka ba, har kaji suka kama kansu.

Sai a lokacin na tuna da tsinken sakacena. Na kwana biyu ban leƙa shi ba. Na zagaya bayan rumbu ina addu'ar da ban yi ba ko ranar jarrabawa. Ganye na fara hangowa, kore shar, ya leƙo ta ɓular kwandon. Na ɗaga, sai ga shi ya yi reshe har da 'yan ƙayoyi.

Na ruga ɗakin Kaka. "Amarya, taso ki ga kiwon rago."

"Bar ni, ɗan nema. Yau ba ni wasa."

Sai da na ja hannunta. Da ta gan shi, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Ta rufe ido, hawaye na bin kuncinta. Mutanen gida suka taru a kanmu. Can ta buɗe ido, ta share fuska da gefen zane, ta ɗaga murya.

"Ku duba ƙasa ƙamas! Wanga yaro ba shi da imani. A kawo buta!"

Na faɗa gaban tsiron na baje hannu da ƙafa. "Wallahi sai dai a yi alwalar a bayana. Kun kashe naku da alheri, ku bar mini nawa."

Baba ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasar. Sama a bushe, ƙasa da sanyi. Ya girgiza kai yana dariya, ya dubi Kaka.

"Inna, yaron nan ya yi gaskiya. Ko gero in ruwa ya kwanta masa, haka yake ɗashewa. Ɗanyen taki kuma ƙona shuka yake. A gona na sani, da na shigo gida sai na mance."

"To," in ji Kaka, "ashe ragwanci ma na da rana."

Tun daga ranar aka sake doka. Alwala ta koma gindin dogon yaro, shi da ko kogi aka juye masa ba ya ƙorafi. Lemo ba ya shan ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe, kuma da yamma. Taki sai wanda ya kwana a juji ya huce, a zuba nesa da kara. Baba ya kewaye shi da ƙaya, kwandona ya yi ritaya.

Yanzu lemun nawa ya kawo mini ƙirji. Bai yi 'ya'ya ba tukuna, an ce da saura. Kaka ta ce ba inda za ta sai ta matsa nasa a kunu, Mala'ikan mutuwa ma ya yi haƙuri ya jira. Ta mayar da kujerarta bayan rumbu, kullum da safe takan tsinki ganye ɗaya ta jefa a shayi.

Sai dai har yau ba na sakin jiki. Jiya ma na kama ta tana sanɗa, wani abu ya yi tudu a ƙarƙashin mayafinta.

"Tsohuwa, mi ke nan?"

"Carbi ne."

Carbin yana ɗiga.