Turaku a Gonar Gado

Bazara ce, lokacin sharar gona, kuma a shekarar kowa a Gagarawa yana tsoron baƙo mai awon filaye. 'Yata ta dawo daga jami'a da murna, wai masu ba da tallafin bincike sun zaɓe ta ta auna yadda wutar da muke sa wa tushiyar gero take tsallakawa daji, da hayaƙin da take tayarwa. A gonar da mahaifinta ya bar mana za ta fara.

Na ce, "Uwata, su waye su?"

Ta yi dariya. "Haba Inna, hayaƙi kawai suke so su sani."

Ban musa mata ba. Amma da na ga turakun ƙarfen da ta kafa a kusurwoyin gonar, sai na tuna da masu awon nan. A nan, gonar da aka kafa wa turke ba ta cika komawa hannun mai ita ba. Kuma me na nesa zai yi da hayaƙinmu har ya biya?

Washegari na kira mai unguwa da maƙwabtan gona, muka taka iyaka tare, kowa ya shaida. Turakunta dai ban taɓa su ba.