Hajiya Uwaliya, Uwar Baƙin Makarfi

Kafin motocin rake su fara lodi a Makarfi, Hajiya Uwaliya ta riga ta buɗe ofis. Ɗaki guda ne a bayan tasha, tebur ɗaya, tabarmi biyu. Takan share ƙofa, ta cika randa, sannan ta zaga tasha tana duba matan da suka sauko daga mota. Wadda ta gani tana rarraba ido, sai ta matsa ta gaishe ta, ta tambayi inda ta fito da wurin wanda ta zo. Shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai kare haƙƙin baƙi da mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye, gwiwoyi sun ce ya isa.

Shekarun baya wurinta aka turo ni daga Zariya, ina aji huɗu a karatun lauya, in yi wata shida na sanin makamar aiki. Na zo da Turanci cike da baki. Ita kuwa ko firamare ba ta ƙarasa ba.

A makona na uku Mairo ta shigo da goyo. 'Yar Damagaram ce, ci-rani ya kawo iyayenta, ta auri wani manomi a ƙauyen Gazara suka haifi uku. Allah ya yi wa mijin rasuwa. Ranar da ta fita takaba, yayansa Abdulƙadir ya ce ta koma ƙasarsu, yara kuma nan za su zauna, har da ta goyen da zarar an yaye ta.

Na ce, “Hajiya, mu shigar da ƙara yau.”

Ta ce, “In ta kama za mu shigar, Firdausi. Amma rijiya ɗaya suke sha. Mu fara zuwa gaisuwa.”

A zauren Abdulƙadir ni na ɓata lamarin. Ba a gama gaisawa ba na zaro takarda na hau karanto masa sassan doka. Ya miƙe ya kakkaɓe riga.

“In ɗaliba ce za ta koya mini riƙon gidan ubana, magana ta ƙare.”

Daga cikin gida muna jin kukan Mairo. A hanya na zaci faɗa. Abin da Hajiya ta ce kawai shi ne, “Dokarki gaskiya ce, 'yar nan. Amma ba a shiga gidan mutum ta katanga.”

Sau uku ta koma Gazara a kan babur, cikin taɓon damina. Ta binciko cewa Malam Muhammadu Auwalu ne ya karantar da Abdulƙadir Alƙur'ani. Ta kai ni gabansa, ta ce ni zan yi tambayar, tunda ni na yi ɓarnar. Da aka taru a ƙofar mai unguwa, Malam ya bayyana cewa renon yara haƙƙin uwa ne, ya ƙara da cewa, “Ban taɓa karanta inda uwa ta rasa 'ya'yanta don an haife ta a bayan iyaka ba.”

 Can Abdulƙadir ya ce, “Tsoro nake ta tafi da su, in rasa jinin ƙanena.”

Hajiya ta ce, “To, ga maganar da muke jira, Alhaji.”

Mairo ta ce ita ba ta da wani gida sai Gazara. Na rubuta yarjejeniya da boko cewa a gidan za ta zauna da 'ya'yanta, Malam ya rubuta da ajami, kowa ya dangwala. Yau babbar 'yar Mairo tana sakandare.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Direbobin Ikara sun san matan da aka koro daga Aljeriya, waɗanda Hajiya ta ajiye a ɗakinta har danginsu suka karɓe su. Matan da ke tonon dankali a ƙauyen Taba sun san wadda ta tsaya har aka sallami shugaban leburori mai kai musu hannu.

Hajiya, ke ce inuwar baƙo. Ke kika koya mana mu cire takalmi, mu saurara, mu bar mai kuka ta faɗi abin da take so da bakinta. Ɗalibai fiye da sittin suka zauna a tabarmarki, yau cikinmu akwai lauyoyi, akwai alƙali, kuma duk da ke muke tunƙaho. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ki lafiya.

Ku kuma ɗaliban da ke neman wurin koyon aiki, kada ku tsaya ga manyan ofisoshin Kaduna da Abuja kaɗai. Da na gaya wa Hajiya zan yi wannan rubutu, ba ta ko ɗago daga takardun da take miƙa wa magajiyarta ba. Ta ce, “Yabon ki rage shi. Ki rubuta cewa muna neman ɗaliba mai jin Zabarmanci, akwai mata biyu suna jira tun Litinin.”

Na rubuta, Hajiya. Saura mai amsawa.