Bakin Da Ta Shayar

Ranar ƙaramar Sallah ce, shekarar da na shiga aji uku na firamare. Bayan la'asar mai shagon garinmu ya fito da talabijin da bidiyo ya ɗora a kan benci a gindin darbejiya, ya tayar da janareto. Labari ya riga ya zaga ƙauyenmu, can arewa da Minjibir, cewa sabon kaset ya iso kuma babana ne a ciki. Ni kuwa da rawar kaina na ruga gida, na iske kakata, wadda duk muke kira Inna, tana kankare ƙanzon tukunya. Na dame ta da naci har ta yafa mayafi ta biyo ni. Ina riƙe da hannunta ina hura hanci, mata suka matsa mata wuri a tabarma. Da na san abin da zan kai ta ta gani, da na bar ta da tukunyarta.

A fim ɗin Baba ya fito a ɗan ƙauyen da ya yi arziki a birni. Wata tsohuwa, uwarsa a cikin wasan, ta zo ƙofar gidansa da ƙullin kuka da daddawa a ka. Ya dube ta sama da ƙasa a gaban baƙinsa ya ce, "Ke ba uwata ba ce. Ku fitar min da ita." Inna ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta kama hanyar gida. Na bi ta a guje ina cewa ai wasa ne. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Na san wasa ne. Amma bakin da na shayar ne ya faɗa."

Tun da aka kawo ni yaye wurin Inna ban koma birni ba. Ita ta koya mini surfe da bakace, tare muke tsinkar wake da roron gyaɗa, in na tsaya carafke a hanyar rijiya ita ke biyo ni da tsumagiya. Baba kan zo sau ɗaya a wata a motar kasuwa, da burodi da sabulu. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka kunya ba ta barin ta kira sunansa, ba ta zama hira da shi, ko ido ba ta haɗawa da shi. "Mutumin birni" take ce masa. Sai in zai tafi ne yakan tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, ita kuma ta kawar da kai ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Duk ƙaunar da ke tsakaninsu ta wannan 'yar ƙofa take fita. Zuwansa na farko bayan Sallar nan ya tsuguna kamar kullum, sai ta ce, "A sauka lafiya." Ya jira. Ba ta ƙara komai ba.

Ta bakin ƙanwarta ta aika masa da sharaɗi: ya je ya durƙusa gaban tsohuwar fim ɗin nan ya nemi gafararta. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce matar nan abokiyar aikinsa ce, suna gama ɗaukar wurin tare suka ci shinkafa a faranti ɗaya, ta ina zai fara? Dariyar nan ta ƙara ɓata lamari. Taurin kai gado ne a gidanmu, ni ma ban tsira ba.

Sai ya ɗauki wata hanya. Ya daina karɓar fitowa a mugu, ko da kuwa nan ne aka fi yaba masa. Dama Baba ba irin wasan da bai iya ba. Ya fito a wawan ƙauye mai sa mutane dariya har da hawaye, ya fito a ɗan sanda mai bin sawun ɓarayin shanu, ya yi sarki, ya yi alƙali, ya yi mayaƙin zamanin da da kwari da baka. A makaranta wannan makon a kira ni 'yar sarki, mako mai zuwa 'yar wawa, ni kuma in yi dambe a kan kowanne. Duk kaset ɗin da ya fito sai ya kawo wa Inna ya ajiye a gabanta, ko za ta ga ɗanta a mutumin kirki. Ita kuwa sai ta jera su a ƙarƙashin gado kusa da kwandon albasa, ba ta taɓa kallon ko ɗaya ba. Shekara huɗu yana tsugunawa yana tashi da "a sauka lafiya". Na sha ganin ta leƙa bayansa ta kafar danga har ya ɓace cikin dawa, abin yana ci mini rai, don ni na jawo.

Ana cikin cirar gyaɗa zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana uku ta yi, ranar Alhamis da hantsi ta cika. Wanda aka tura birni ya saɓa da Baba a hanya. Maza na dawowa daga maƙabarta sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, Baba ya fito fuska a sake, a bayansa ga tsohuwar fim ɗin nan. Ashe ya sauke girman kai ya je ya durƙusa mata, ya kuma roƙe ta ta zo ta shaida wa Inna da bakinta. Matar nan ta shiga ɗakin ta zauna gaban gadon da ba kowa, tana kuka tana cewa, "Na yafe masa, wallahi na yafe masa."

Can Baba ya kira ni bayan rumbu, ya rage murya ya ce, "Ke kina wurin. Ta ce wani abu a kaina?" Na ce, "Cewa ta yi a kwashe gyaɗar da aka shanya kafin hadari ya taso." Ya ce, "To, mu je mu kwashe." Muka kwashe ta tas, shi da babbar rigarsa.

Ya ƙara shekaru masu yawa yana wasa, har tsufa ya mai da shi uba da kaka da liman. Kusan kowane fim sai ya ɗora hannu a kan 'ya'yan wasu ya sa musu albarka, mutane suna cewa ba wanda ya kai shi iya faɗinta. Yanzu shi ma ya kwanta dama. Yaran garinmu a waya suke kallonsa, kowa shi kaɗai, suna wuce wurin da ba su so da ɗan yatsa, ni kuwa ban taɓa iya kai ko ɗaya ƙarshe ba. An koya mini ƙarya haramun ce, kuma ranar ban yi ta ba, amma har yau ina jin ciwon gaskiyar da na faɗa masa. Kalma biyar kacal yake nema, "Allah ya yi maka albarka," kuma ni kaɗai ce shaida.