Gadajen da Muka Haɗa a Jimeta

Mun tashi daga Maiduguri ana idar da sallar asuba, mu uku a cikin Landirobar ma'aikata: ni da nake aikin duba-gari, da direba, da wata nas dattijuwa da muke kira Sista. A bayan motar akwai akwatunan kwalaben ƙarin ruwa, da hodar tsabtace rijiya, da sabulu. Wayar da ta zo daga Yola gajeriya ce: amai da gudawa sun shiga Jimeta, a turo hannu. Tun da na dawo kuke tambayata yadda tafiyar ta kasance, na kasa faɗa da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Damina ta yi tsakiya. Daga Bama zuwa Gwoza laka muka yi ta kokawa da ita, sau biyu muna sauka mu tura, Sista tana daga ciki tana rungume da akwati kada kwalba ta fashe. A Michika muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa, sule guda ya ƙosar da mu uku. Mai abincin tana hango kakina ta rufe tukwanenta kaf, ta kama korar ƙuda kamar za ta karya mafici, ta kuma ƙara mana nama ba mu roƙa ba. Direba ya ce daga yau ya daina tafiya in ba da duba-gari ba. Dariyar da muka yi ke nan ta ƙarshe a hanya.

Mun kwana a Hong, da safe muka bi ta Gombi da Song. Daga Song muka fara gamuwa da masu barin gari, a ƙafa, kaya a ka. Kasuwar Girei rabinta rumfuna ne babu kowa. Da muka iso bakin Binuwai muka tarar kogin ya cika ya yi jawur, jirgin fito yana sauke mutane cunkus, amma masu haurawa mu kaɗai ne da wani mai keke. Ɗan fiton ya leƙo motar ya girgiza kai.

"Kowa yana fita, ku kuna shiga. Allah ya kiyaye."

An tara marasa lafiyar a wani tsohon siton gyaɗa kusa da kogi, don asibiti ya cika. Tun daga nesa wari ya tare mu. A ciki mutane ne kwance a kan tabarmi, jere har bango, idanu sun zurma, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Ƙasan siton jiƙe take sharkaf. 'Yan uwan marasa lafiya suna durƙushe suna gogewa da tsummoki, kuma a ranar da muka isa biyu daga cikin masu gogewar nan suka kwanta a gefen waɗanda suke jinya.

Kwana biyu Sista tana ta aiki a haka ba hutu. A na uku ta kira ni waje.

"Malam, ciwon nan ruwan jiki yake kwashewa. In ban san yawan abin da ya fita ba, ban san yawan da zan mayar ba. Ƙasa tana shanye min lissafi. Wani ina ba shi fiye da bukatarsa, wani ina rage masa har ya tafi. A haka kwalaben nan ba za su kai mu mako ba."

Ta ce akwai wani irin gado mai huda a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashi, ta taɓa ganinsa a hoto lokacin da take makaranta. Ni kuwa abin da na iya shi na yi: na tafi gidan waya na aika wa Maiduguri a turo gadajen ƙarfe. Amsar ta zo cewa sai hanya ta bushe.

Akwai wani kafinta, Buba, mutumin unguwar Alkalawa a nan Jimeta, da yake zaune dare da rana kusa da matarsa Dudu. Ashe daga bakin ƙofa ya ji maganarmu. Ya taso ya tsaya gaban Sista, da irin Hausar garin da ba ta raba mace da namiji.

"Sista, wane irin gado kana so? Matana yana kwance a ruwa. Nuna mini."

Ta zana masa a ƙasa da tsinke. Ya duba zanen ya fita. Da la'asar sai ga shi da gado a amalanke, ashe ƙyauren shagonsa ya cire ya huda. Muka gwada, abin bai yi ba. Mutum huɗu ke ɗaukarsa, bakin hudar yana kurje fata, katakon kuma ya tsotse ƙazanta ya ƙi wankuwa. Ko da ya yi, katakon da ke garin ba zai ba mu gado biyar ba. Buba ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Ni dai a zuciyata na ce magana ta ƙare.

Wata tsohuwa ce ta tashe ta, Goggo Aisa, wadda take dama wa sansanin kunu. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ku da katako! Mu a kan gwangwala aka haife mu. Ku je Yola wajen Bappa mai gadaje, ku ce ni na aiko ku."

Washegari muka tafi, ni da Buba da direba. Tafiyar ba nisa, amma kamar ka shiga wata ƙasa. Jimeta ko a cikin annoba da ɗan hayaniyarta, Yola kuwa shiru, zauruka a rufe, mangwarori sun yi duhu, gaisuwa a hankali da Fulatanci. Mun sami Bappa a ƙofar gidansa, tsoho siriri, yana fere gwangwala. Da Buba ya yi masa bayani sai ya ce a'a, gwangwala in ka huda ta a tsakiya ta mutu, mutum yana hawa za ta karye. Suka kama gardama da Fulatanci, ni ina tsaye ban jin komai sai hannuwansu nake kallo. Can sai tsohon ya jawo wasu gajerun gadaje guda biyu na yara, ya jera su kai da kai, ya bar tazarar tafin hannu a tsakani.

"Kada ka huda," in ji shi da Hausa. "Bar ƙofa."

Buba ya daɗe yana kallon tazarar nan, sannan ya ce in ya ɗaure su da sanda biyu ta gefe, ya sa ƙafafu dogaye, ba za su rabu ba. Tsohon ya shiga gida ya ɗauko wuƙarsa da hularsa, ya hau motarmu ba wanda ya roƙe shi.

A ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa a gaban siton aka yi aikin. Gadon ya tsaya, amma Sista ta ce gwangwala ma za ta jiƙe. Direba, wanda ba ya bari ko kaza ta raɓi motarsa, ya tashi ya kwance tamfol ɗin bayanta ya shimfiɗa a ƙasa, ya juya baya don kada ya ga ana yanka shi. Goggo Aisa ta ɗinke shi da basilla, ta yi masa hannu kamar na riga wanda zai sauka ta tazarar. Bokiti kuma babu, sai aka kira wani maƙerin farin ƙarfe daga kasuwa, jikan Kanawa, ya zo da garewanin kananzir. Shi ne ya tambayi Sista yadda za ta auna. Ta ce da kwalba. Sai ya zuba ruwa kwalba ɗaya a garwa ya buga alama da ƙusa, ya ƙara ɗaya ya sake bugawa, har sama.

"To ko wanda bai shiga makaranta ba zai leƙa ya gaya miki layi nawa," in ji shi.

Nawa kason shi ne hodar da za a zuba a gindin kowace garwa, da ramin zubarwa nesa da kogi da rijiyoyi. Direba ya hau don gwaji, ƙafa ɗaya ta gurɗe, ya mirgino ƙasa. Bappa ya ce laifin ɗaurin kafinta ne, Buba ya ce gwangwalar ce ɗanya, suka sake kwancewa tare. Da aka gama kuma sai matan da ke ciki suka ce su ba za su hau ba, gara su mutu a tabarma da a ga tsiraicinsu. Wannan ba wanda ya hango shi a cikinmu maza. Goggo ta sa aka kafa zana tsakanin maza da mata, ta tsaga zane ta baya yadda mace za ta kwanta a rufe ruf, ta shiga ta lallashe su ɗaya bayan ɗaya.

Dudu aka fara ɗorawa. Buba ya ɗauke ta da hannunsa, ba ta fi nauyin yarinya ba. Ta buɗe ido ta ce masa wani abu da Fulatanci, ya yi murmushi. Daga baya Goggo ta gaya mini cewa ta yi bayanta ya bushe, ta ji daɗi. Kafin magariba Sista ta leƙa garwar, ta kira ni gefe, ta ce da ta san haka ruwa yake fita daga jikin matar nan da tun shekaranjiya ta ninka mata ƙarin ruwa. Ta ninka ɗin. Amma jijiyoyin sun riga sun lafe, da ƙyar allura take shiga. Da hantsi washegari Dudu ta cika.

An kai ta kafin azahar. Bayan la'asar ina wajen ramin zubarwa sai na ji ƙarar zarto. Buba ne a gindin ɗorawa, ƙasar makabarta ba ta bar ƙafarsa ba. Na ce masa ya tafi gida ya karɓi gaisuwa.

"Gida ba kowa, Malam. Masu gaisuwa su same ni a nan."

Haka kuwa aka yi. Masu zuwa ta'aziyya sukan yi addu'a, su ga aiki, su naɗe hannun riga. Wani ya kawo gwangwala daga fadama, mai siton ya buɗe ɗaki ya fito da tsofaffin tamfol na rufe gyaɗa, maƙerin ya kira 'yan uwansa. Cikin kwana huɗu ba wanda ya rage a ƙasa. Siton ya bushe, masu jinya suka daina kwanciya. Sista takan bi gadajen tana tambaya, wata tsohuwa ta ce layi biyu, wani ya ce huɗu, ta san inda za ta fara. Mutuwa ba ta tsaya ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai safiyar da muka fitar da uku. Amma kwalaben sun kai mu har wata mota ta iso da ƙari, kuma na ga mutanen da na fid da rai da su sun tashi zaune suna neman kunu.

Ranar da masu canjinmu suka zo, Goggo ta ƙulla mana dakuwa a ganye. Buba ya raka mu bakin kogi, ya ce "Useko," wato godiya, ya juya da sauri. A hanya ruwa ya yi mana duka tun daga Gombi har Gwoza, ba tamfol a motar. Mun shiga Maiduguri rana ta biyu da yamma.

Da na kai rahoto ofis, shugabanmu ya karanta zancen gadon ya ji daɗi, ya ce in rubuta sunan wanda ya ƙirƙiro shi a yaba masa. Na ce nas ce ta san bukatar, kafinta ya fara, mai kunu ta nuna hanya, tsoho ya gyara. Ya katse ni ya ce suna ɗaya takardar take so. Na riƙe alƙalami na daɗe, na mayar masa da ita ba rubutu. Kowane ɗayanmu, in an bar shi shi kaɗai, inda ya tsaya nan abin zai mutu, ni kuwa da na fi kowa takardar shaida a wurin, ni ne na fara fid da rai. Shekara goma sha biyar ina shiga gidajen mutane ina gaya musu abin da za su yi, ban taɓa tambayar wani abin da ya sani ba. Da mun tambaya tun ranar da muka sauka, wataƙila da kwana biyun nan sun ishi Dudu. Wannan tunanin ne bai bar ni ba har yau. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.