Hannun Injin Yana Hagu

Wani kamfani ya kwafi injin ɓarar gyaɗar da yayana ya ƙera, ya yi masa rajista da sunan kamfanin, sannan ya turo lauya ya ce yayana ya daina ƙera shi ko a rufe masa shago.

Yayan nawa mai walda ne. Bahago ake ce masa tun yana ƙarami, don duk dukan da hannun nan ya sha a makaranta bai sa ya koma dama ba. Shagonsa rumfar kwano ce a bayan tashar mota, ƙasan baƙi ƙirin da garin ƙarfe, a gefe ga janareta da sai an lallashe shi yake tashi. A nan ya yi furfura, idanunsa suka rine.

Injin kuwa saboda mahaifiyarmu ya yi shi. Ɓarar gyaɗa ce sana'arta har yatsunta suka kangare. Ya samo tsohuwar ganga da sarƙar keke, ya yi ta yanka yana haɗawa. Na farkon niƙe gyaɗar ya yi lukui. Inna ta leƙa ta ce, "Ɓara na ce maka, ɗan nan, ban ce ka tauna min ba." Shekaru ya yi yana gyara tazarar ragar ciki, har ya zama ƙwaya na faɗowa lafiya, ɓawo na fita ta gefe. Da yake da hagu yake gwaji, a hagu ya sa hannun juyawa. Masu saye suka yi ta mita, shi kuwa ya ce duk wanda ya ƙera na dama ya kawo a gani.

Kuskurensa ɗaya ne. In ka tsaya kallon aikinsa, benci yake jawo maka. Haka duk 'yan layinsu suke, ba sa ɓoye wa baƙo aiki. Wata rana mutum biyu suka zo a mota mai sanyi, suka ce daga babban birni suke, taimakon manoma suke yi. Ya kwance musu injin gaba ɗaya, yana bayani suna ɗauka a waya. Har lemo ya saya musu.

Bayan damina biyu sai ga injin a kasuwa da koren fenti da tambari. Hannun juyawa yana hagu.

Ranar da lauyan ya zo ina shagon, na kai gyaran ƙafar keken ɗinkina. Ya tsaya a bakin rumfa yana kare takalminsa.

"Malam, wannan ƙirar mallakin kamfaninmu ce."

Yaya ya ɗage gilashin walda. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka yi rajista."

Na ce, "Ranka ya daɗe, injiniyoyin naku duk da hagu suke aiki ne?"

"Hajiya, ofishin rajista ba ya tambayar hannu. Wa ya riga kai takarda, shi ke nan."

"Ina ofishin yake?"

"A babban birni mana."

"Ki bar shi, auta," in ji Yaya. Ya sauke gilashin, ya ɗauko ƙarfe. "Alhaji, matsa baya, kar tartsatsi ya huda maka kwat." Ya ci gaba da haɗa injin da aka zo hana shi.

A makon ne na ji wani jami'in ofishin a rediyo yana murna, wai rajistar fasaha ta ninka a yankin babban birni, mu kuwa yankinmu kusan babu, wai sai mun tashi tsaye mun koyi ƙirƙira. Na kusa jefar da rediyon. Ofishin a can yake. Lauyoyin da suka iya cika takardun a can suke. Wuta a can, bankin da zai ba ka jari a can. Mai walda zai kulle shago ya kama doguwar hanya, ya kwana a tasha, don a ce masa ya dawo wata mai zuwa? Yaya bai ma taɓa jin akwai abin da ake kira rajista ba sai a bakin wanda ya zo ƙwace masa. Abin da suke ƙirgawa ba masu ƙira ba ne, masu kusa da ofis ne. Kuma a cikin ninkin da suke taƙama da shi har da gangar yayana.

Yanzu sammaci ya iso. Yaya ya maƙale shi a ƙusa kusa da ƙofa, ya ce zai je kotu da injin farko, wanda har yau yana ɗakin Inna, kuma ba zai kashe janareta ba kafin ranar.

Ni dai ga abin da nake nema daga ofishin nan. Ku soke rajistar, ku rubuta sunan wanda ya ƙera. Ku kira kamfanin ya yi bayani a gaban mutane me ya kai hannun juyawar injinsu hagu. Sannan ku buɗe ofis a yankinmu, ku sa wanda ke jin harshenmu, kafin ku sake hawa rediyo ku ce ba ma ƙera komai.