Sunan Kawu a Kan Keken Gwanjo

Ja'afar tela taubashina ne, ɗan Kawu Isyaku, wan mahaifiyata. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma haka yake kirana, har yau ba a samu alƙalin da ya raba mana wannan shari'a ba. In ka bi ta Gyadi-Gyadi ka hangi wani dogon mutum a shago, wuya kamar na raƙumin dawa, tef a rataye, allura biyu a baki, to shi ne. A gidan ɗinki aka haife shi, ni ina zargin ma da almakashin Kawu aka yanke masa cibiya. Boko bai wuce inda na tsaya ba, aji biyu na sakandare, amma kallo ɗaya zai yi maka ya yanka maka kaftani ba awo, ya zauna maka kamar da shi ka zo duniya.

Kawu yana cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar telolin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Suna da wata al'ada tun farkon kafuwa. Duk telan da ya tsufa ko ya ji jiki ya ƙi, sai ya yi wasiyyar wani abu daga kayan aikinsa ga ƙungiya. Wani almakashi, wani dutsen guga na gawayi, wani tebur, mai hali ya bar keken ɗinki. A kira mai fenti ya rubuta sunan mai shi da fari a jiki, a ajiye a ɗakin ƙungiya. Wanda kekensa ya lalace, ko wanda aka yaye bai samu nasa ba tukuna, ya zo ya ara kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, duk sanda ya zauna aiki ya yi wa mai sunan addu'a. Shi ya sa a ɗakin nan ba ka jin an ce a ba ni almakashi, sai dai a ba ni Malam Bello, ko Alhaji Shehu yana hannun wa?

Kawu ya rasu bayan ƙaramar salla, shekarar da sojoji suka miƙa mulki, alif ɗari tara da casa'in da tara. A gaban shaidu ya ce kekensa na ƙungiya ne. Keke ne baƙi, ɗan Ingila, ya girme ni ya girmi Ja'afar. In ka sa masa fatar giwa zai ɗinke ta kamar atamfa.

To, shekarar nan kuwa teloli ba su taɓa ganin irinta ba. Ga babbar salla, ga rantsar da 'yan siyasa a ƙarshen Mayu. Kowa ya zama Honarabul. Wanda ya ci zaɓe yana son babbar riga, wanda ya faɗi yana son wadda ta fi ta, wanda ya riƙe wa ɗan takara lema shi ma ya kawo shadda yadi goma. Shagon Ja'afar ya cika har sai ya shiga da gefe. Ana cikin haka nasa keken ya tsaya cak.

Wata safiyar Lahadi ya zo mini yana sosa ƙeya.

"Bawana, zo ka raka ni Hotoro."

"Ubangidanka dai. Me za mu yi a Hotoro?"

"Aro zan yi wajen Baba. Bayan rantsuwa in mayar."

"Baban da yake maƙabarta?"

Ya yi gaba, na bi shi. Muka je wajen wani mai gyaran keken ɗinki a can, ya ɗauko wani kan keke na gwanjo, baƙi, mai kama da na Kawu in ka tsaya daga nesa kuma kana ciwon ido. Muka goge shi da man takalmi har yana ɗaukar ido, muka ɗora shi a kan ƙafar keken Kawu. Na gaskiyar kuma Ja'afar ya kai shi ɗakin matarsa Ummukulsum, can yake ɗinki ƙofa a rufe. Na ce muka, don ni na tura baron da muka ɗauko na gwanjon, ba zan ɓoye ba.

Washegarin sadakar arba'in aka miƙa wa ƙungiya. Shugabanta Baba Lawan, abokin Kawu tun suna koyon ɗinki, ido ya riga ya yi masa rauni. Ya shafa keken kamar yana shafa kan jika, ya yi hawaye. Mai fenti ya rubuta MALAM ISYAKU da manyan baƙaƙe. Aka shafa fatiha. Ja'afar ya shafa tasa yana kallon ƙasa.

Wadda ta fara ara ita ce Felicitas, Maman Mmesoma. A Tarauni aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, ita ke ɗinka wa nas-nas da ɗaliban asibitin koyarwa fararen kaya. Ta ce za ta yi wa Malam addu'a irin tasu, aka ce Allah ya ba da lada. Kwana biyu ta dawo da shi a kan baro, ita ce a gaba tana faɗa.

"Baba, Malam Isyaku ya cinye mini riga huɗu! Ya karya allura, ya tattare zare, ga baƙin mai ya zuba a kan farin yadi. Me na yi wa bawan Allahn nan?"

Aka ce ko hannunta ne. Wani daga Unguwar Gano ya ara, ya yaga masa wuyan rigar wani sabon kansila. Wani daga Darmanawa ya ara, ya ce keken nan baya yake tafiya in ka ce masa gaba. Kafin wata guda magana ta fita daga ɗakin ƙungiya ta shiga layi. In wando ya ɓarke a gindi, sai ka ji an ce Malam Isyaku ne ya ɗinka? In mai shayi ya yi shayi ba daɗi, a ce yau Isyaku ya yi mana. Mutumin da ya yi shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba.

Ja'afar yana jin duk wannan. Ya rame, wuyan nan ya ƙara kamu guda. Na ce masa ya mayar mana, ya ce ta ina? Mukullin ɗakin yana aljihun Baba Lawan, suna kuma ya riga ya bushe a jikin ƙarfe. Ya gama manyan rigunan Honarabul-Honarabul, an yi rantsuwa, kowa ya yaba ɗinkin, shi kuwa ko a rediyo bai saurara ba. Ummukulsum ta ce ya daina cin tuwon kirki, ita ma ta gaji da kwana da amanar mamaci a gindin gadonta.

A taron watan Yuni, bayan la'asar, na bi shi don in ga ƙwal uwar daka. An ajiye keken a tsakiyar tabarma. Baba Lawan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, tunda aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa kankare sunan kowa ba. Amma Isyaku ɗan'uwana ne. Ina jin tsufa ne ya sa keken ya lalace a hannunsa bai sani ba, ciwo ya daɗe yana cinsa. Ba zan zauna ana ambatonsa ana dariya ba. Mu rufa masa asiri, mu goge sunan, a manta ya bar wani abu."

Ya laluba aljihu ya fito da aska.

"Ja'afaru, kai ne ɗansa. Hannun bare ba zai taɓa sunan nan ba. Zo."

Ja'afar ya tashi ya karɓa. Ya durƙusa. Ya ɗora askar a kan harafin farko. Ni ina bakin ƙofa ina auna nisana da titi.

"Baba," ya ce, "ba nasa ba ne."

"Me ka ce, ɗana?"

"Wannan ba keken babana ba ne. Na gwanjo ne, ni na sauya. Nasa yana gida, lafiyarsa ƙalau."

Felicitas ce ta fara magana, a hankali, ba faɗa.

"Ja'afaru, kullum da safe sai na ambaci babanka kafin in taka. Daga baya har na fara jin haushinsa. Mutumin da ya koya mini saka aljihu."

Baba Lawan bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu aka mayar masa da askarsa, ya ninke.

"Wata uku ina zargin abokina a zuciyata," ya ce. "Je ka ɗauko."

Ba a yarda ya sa a baro ba. A ka ya ɗauko shi, ya ratsa layin teloli gaba ɗaya, kowa yana bakin shagonsa, ba wanda ya ce masa sannu. Ni na biyo shi da bel ɗin keken da kwalbar mai, kaina a ƙasa, don kafin mu iso kowa ya san wanda ya turo baro daga Hotoro. Aka kira mai fenti ya sake rubutu. Na gwanjon kuma Baba Lawan da kansa ya kankare shi tas, ya ce Ja'afar ya kwashe abinsa. Ja'afar ya ɗinka wa Felicitas sababbin riguna huɗu, ta karɓa, amma sai da aka shekara kafin ta sake ce masa ina kwana.

Yanzu Ja'afar ya yi furfura, ya yaye teloli sun fi ashirin. Sau biyu ana so a ba shi shugabancin ƙungiya yana ƙi, a taro ma can baya yake zama kusa da takalma. Bara ya kira shaidu biyu ya yi tasa wasiyyar, ya bar wa ƙungiya keken lantarki sabo da teburin yanka. Mai fenti ya tambaye shi yadda yake so a rubuta, Ja'afar ko Ja'afaru. Ya ce kada a rubuta komai, wanda ya ara ya ƙara wa Malam Isyaku addu'a. Dattawa suka ce al'ada ba ta yarda da kaya ba suna ba, ya ce to a bari sai ya mutu, in sun ga ya cancanta su rubuta.