Mai Koya wa Mutane Mutuwa

Kaina ke ciwo, shi ya sa na shiga taragon da aka hana surutu a jirgin ƙasan Amsterdam. Sai ga wani dattijo a gabana: dogo, furfura a hargitse, littafin waƙoƙin opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, a cinyarsa duk ya sha fensir. Waya yake yi, murya kamar yana kan dandamali.

"Renske, 'yata, ba haka ake mutuwa ba! Wuƙa aka caka miki, kika faɗi kamar buhun dankali. Gobe fa za mu buɗe, kuma wasana na ƙarshe ke nan!"

Mai shirya wasa ne. Ina jin shekara arba'in ya yi yana juya mutane, ba wanda ya taɓa tsawata masa. Amma burodi da cukunsa ko gutsura bai yi ba.

Wata mata ta miƙe a fusace. "Malam, ka ishe mu! Haba!"

Ya zuba mata ido, sannan ya miƙa mata wayar.

"Wata uku nake neman wannan fushin! Baiwar Allah, maimaita, Renske ta ji."